Hayar 'Yan Kwanaki a Birnin Niyok: Doka Ta Ci, Kuɗin Haya Bai Sauko Ba

A ranar Talata 5 ga watan Satumba, 2023, hukumomin birnin Niyok na ƙasar Amurka suka fara aiki da wata doka wadda ta kusan durƙusar da sana'ar ba da hayar gidajen zama ga baƙi na 'yan kwanaki, sana'ar da ta shafe fiye da shekara goma tana bunƙasa ta hannun kamfanonin dillancin masauki na intanet irin su Airbnb da Vrbo da Booking.com. Kafin wannan rana, akwai kimanin gidaje da ɗakuna 22,000 da ake tallarsu a shafin Airbnb kaɗai domin hayar da ba ta kai wata guda ba. Cikin 'yan watanni adadin ya faɗo ƙasa da 5,000, daga baya kuma shi kansa kamfanin ya bayyana cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin wannan ciniki nasa a birnin ya salwanta.

Masu goyon bayan dokar sun yi alkawarin cewa dubban gidajen da aka mayar masaukin baƙi za su koma hannun 'yan haya na dindindin, unguwanni su sami natsuwa, kuɗin haya kuma ya sassauta. Masu adawa da ita suka ce ba abin da za ta haifar illa tsadar otal da karya talakawan masu gidaje. Yanzu da aka ga yadda ta kaya, kowane ɓangare ya sami abin kafa hujja, kuma lamarin ya cancanci nazarin duk wani ɗan kasuwa da ya zuba jari, ko yake shirin zubawa, a wannan sana'a da ta yi ƙarfi a Legas da Abuja.

Shi dai kamfanin Airbnb ya samo asali ne a birnin San Francisco a shekarar 2007, lokacin da wasu matasa biyu, Brian Chesky da Joe Gebbia, suka rasa kuɗin biyan haya, suka shimfiɗa katifun iska a falonsu, suka saukar da baƙi uku da suka zo wani taro suka tarar otal-otal sun cika. A 2008 suka kafa kamfanin tare da Nathan Blecharczyk. Tsarin ba shi da wuya: mai gida ya sa hoton ɗakinsa da farashi a shafin kamfani, baƙo ya zaɓa ya biya ta hannun kamfanin, kamfanin ya cire la'adarsa ya miƙa saura. A shekarar 2024 kuɗin shigar kamfanin ya haura Dala miliyan dubu 11, ba tare da ya mallaki ɗakunan da ake kwana a ciki ba.

Abin da ya fara da ɗakin da ya yi wa mai gida yawa bai jima ba ya zama sana'ar masu jari, kuma lissafin da ya jawo su a fili yake. A ɗauki misalin sashen gida da ɗan haya ke biyan Dala 3,500 a wata. In aka ba baƙi shi a kan Dala 200 kowane dare, kwana 18 ya isa a tara abin da ɗan hayan zai biya, sauran kwanakin watan kuma ƙari ne, ko da yake akwai kuɗin shara da wanki da gyaran kayan ɗaki da za a cire. Bugu da ƙari, dokokin Niyok suna ba ɗan haya kariya mai ƙarfi, ta yadda fitar da wanda ya daina biya kan ɗauki watanni ana zarya a kotu. Shi kuwa baƙo raɓa ne: ya biya tun kafin ya iso, gari na wayewa ya ɗauki jakarsa.

Tun a shekarar 2010 gwamnatin Jihar Niyok, a zamanin Gwamna David Paterson, ta yi wa dokar gidajen bene gyara, ta haramta ba da hayar sashe na ƙasa da kwana 30 a duk ginin da ke da sassa uku ko fiye, sai fa idan mai sashen yana ciki tare da baƙon. Amma dokar ta zama ta takarda. A watan Oktoban 2014 Antoni-Janar na jihar, Eric Schneiderman, ya fitar da rahoto bayan ya tilasta wa Airbnb miƙa bayanansa, inda ya nuna cewa kimanin kashi 72 cikin ɗari na gidajen da aka ba haya ta shafin sun saɓa wa doka. Rahoton ya kuma gano cewa kashi 6 kacal cikin ɗari na masu saukar da baƙi ne ke kwashe kashi 37 na kuɗin da ke shigowa, har akwai mai hulɗa guda da ke juya sassa 272. Wannan ya tabbatar da zargin da 'yan haya suka daɗe suna yi, cewa otal-otal ne marasa lasisi ake gudanarwa a cikin gidajen zama, musamman a unguwannin kudancin Manhattan da kuma Williamsburg da Greenpoint a yankin Brooklyn.

Koke-koken mazauna waɗannan unguwanni iri biyu ne. Na farko na zaman yau da kullum ne. Mutumin da ya shekara ashirin a gini ɗaya ya san maƙwabtansa, ya san wanda ke riƙe da makullin babbar ƙofa. Sai ga shi kowane mako yana cin karo da sababbin fuskoki a matakala, ana jan akwatuna da tsakar dare, ana kiɗa a ranar aiki, ana zubar da shara ba bisa ƙa'idar ginin ba. Hukumar kashe gobara ma tana da nata ƙorafin, domin otal yana da sharuɗɗan da doka ta ɗora masa, na na'urorin yayyafa ruwa da taswirar hanyar fita da ma'aikata masu kwana a bakin aiki, waɗanda ba a buƙatarsu duka a gidan zama, inda aka ɗauka kowa ya san hanyarsa ko cikin duhu. Na biyu kuwa, wanda ya fi ɗaukar hankalin 'yan siyasa, shi ne kuɗin haya. A 2018 babban mai binciken kuɗi na birnin, Scott Stringer, ya ƙiyasta cewa kashi 9.2 cikin ɗari na ƙarin kuɗin hayar da aka samu tsakanin 2009 da 2016 Airbnb ne sanadinsa, abin da ya ce ya ci wa 'yan haya Dala miliyan 616 a shekarar 2016 kaɗai. Kamfanin ya ƙaryata lissafin, ya ce an gina shi kan bayanai marasa inganci.

Hukumomi sun gwada dabaru da dama kafin su kai ga wadda ta ci. A 2016 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a dokar da ta tanadi tara har ta Dala 7,500 ga duk wanda ya tallata haramtacciyar haya. A 2018 majalisar birnin ta umarci kamfanoni su riƙa miƙa sunaye da adireshin masu saukar da baƙi. Wani alƙalin kotun tarayya ya dakatar da umarnin a farkon 2019, sai a 2020 aka sasanta, Airbnb ya yarda ya riƙa ba da bayanan. Duk da haka aikin ya ci gaba da zama na bin gida-gida. Ma'aikatan ofishin magajin gari mai kula da wannan fanni ba su da yawan da za su ƙwanƙwasa ƙofofi dubu ashirin, kuma wanda aka kama yau kan sake buɗe shafi gobe da sunan ɗan'uwansa.

Dokar da ake kira ta 18 ta shekarar 2022 ta sauya wurin da aka ɗora nauyi. Ta wajabta wa duk mai son saukar da baƙo na ƙasa da kwana 30 ya yi rajista da ofishin magajin gari a kan Dala 145, kuma ba za a yi masa rajistar ba sai ya nuna cewa a gidan yake zaune, zai kasance a ciki muddin baƙon na nan, baƙi ba za su wuce biyu ba, kuma ba za a kulle musu ƙofofin cikin sashen ba. Gidajen gwamnati da waɗanda hukuma ke ƙayyade kuɗin hayarsu an cire su gaba ɗaya, an kuma ba masu gine-gine damar sa gininsu cikin jerin waɗanda aka haramta wa sana'ar. Galibin waɗannan sharuɗɗa ba sababbi ba ne. Sabon abu shi ne an hana kamfanin dillanci karɓar kuɗin baƙo sai ya tantance lambar rajistar mai gidan da na'urar hukuma, in ya saɓa a ci shi tarar da ta kai Dala 1,500 a kan kowane ciniki, mai gida kuma har Dala 5,000. Wato maimakon farautar masu gidaje ɗaya bayan ɗaya, an je an tsaya a mashigar da kuɗin kowa ke bi.

A taƙaice dokar ta mayar da sana'ar irin sigar da fatake suka sani a zangunan da, inda fatoma ke saukar da baƙo a cikin gidansa, yana ganin shigarsa da fitarsa, shi ne kuma mai amsa tambaya in baƙon ya yi ba daidai ba.

Airbnb ya garzaya kotu a watan Yunin 2023, yana mai cewa dokar haramci ce da aka lulluɓe da sunan rajista. A cikin takardun ƙarar ya bayyana cewa ya sami Dala miliyan 85 daga wannan ciniki a Niyok a 2022, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigarsa na duniya, abin da ya sa masu lura da al'amura suka fahimci cewa fargabar kada wasu birane su kwaikwaya ta fi asarar kuɗin damunsa. A watan Agusta Mai Shari'a Arlene Bluth ta kotun jihar ta yi watsi da ƙarar. Ya zuwa ƙarshen wannan wata, ofishin ya karɓi takardun neman rajista fiye da 3,000, amma waɗanda ya amince da su ba su kai 300 ba.

Ta fuskar tabbatar da doka, babu shakka birnin ya yi nasarar da ya kasa samu cikin shekara goma sha uku. Manyan masu juya sassa da dama sun bar sana'ar, gine-ginen da suka zama tamkar tashar mota sun lafa. Sai dai ba duk gidajen da suka ɓace daga jerin ne suka koma hannun 'yan haya ba. Da yawa masu su sun sauya sharaɗi ne kawai zuwa kwana 30 ko fiye, wanda dokar ba ta shafa ba, suna neman ma'aikatan jinya na kwantiragi da ɗalibai da ma'aikatan kamfanoni da aka turo aikin wata biyu ko uku. Wasu sun koma tallatawa a Facebook da Craigslist, inda babu mai tsaron kuɗin baƙo in aka damfare shi. Wasu baƙin kuma suka tsallaka Kogin Hudson zuwa garuruwan Jihar New Jersey, ko da yake can ma Jersey City ta riga ta ƙuntata sana'ar tun 2019, bayan ƙuri'ar raba gardama da Airbnb ya kashe fiye da Dala miliyan 4 a kanta ya kuma sha kaye.

Kuɗin haya kuwa bai sauko ba. Matsakaicin abin da sabon ɗan haya ke biya a Manhattan ya kai Dala 4,400 a wata a damunar 2023, wanda a lokacin ba a taɓa ganin irinsa ba. A 2025 ya zarce Dala 4,500. Dalilin na cikin alƙaluman birnin kansa. Binciken gidaje na 2023 ya nuna cewa kashi 1.4 kacal cikin ɗari na gidajen haya ne babu kowa a ciki, adadi mafi ƙanƙanta tun 1968, alhali a 2021 kashi 4.5 ne. Birnin yana da gidajen haya kimanin miliyan 2.3. Ko da a ce duka 22,000 ɗin nan sun dawo kasuwa rana ɗaya, ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma wani kaso nasu ɗakuna ne a cikin gidajen da masu su ke zaune, waɗanda ba za a taɓa ba iyali haya ba.

Binciken masana ya yi daidai da wannan. Wani nazari da Kyle Barron da Edward Kung da Davide Proserpio suka gudanar a faɗin Amurka ya gano cewa ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari na gidajen Airbnb a unguwa yana ɗaga kuɗin haya da kashi 0.018 cikin ɗari. Tasirin gaskiya ne, yana kuma taruwa ya yi nauyi a unguwannin da sana'ar ta cunkushe, amma bai kai ya zama ummul'aba'isin tsadar birni mai mutum fiye da miliyan takwas ba. Masu kare dokar na cewa da ba don ita ba da haya ta fi haka tashi, magana ce kuwa da ba za a iya rushewa ko tabbatarwa da sauƙi ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne birnin ya yi shekaru yana gina gidaje ƙasa da buƙata. Majalisar birnin ma ta amsa hakan a Disamban 2024, lokacin da ta amince da shirin Magajin Gari Eric Adams na sassauta ƙa'idojin gini, wanda aka ƙiyasta zai samar da gidaje kimanin 80,000 cikin shekara 15.

Faɗuwar wani tashin wani. Masu otal, waɗanda ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatansu ta kasance kan gaba wajen neman dokar, sun ga kasuwa ta buɗe. A watan Satumban 2024 matsakaicin kuɗin ɗaki ya kai Dala 417 a dare, a birnin da ke karɓar baƙi fiye da miliyan 60 a shekara. Amma rashin adalci ne a ɗora wa dokar wannan tsada ita kaɗai. A daidai lokacin birnin ya kama dubban ɗakunan otal domin tsugunar da baƙin haure masu neman mafaka, sannan tun 2021 an wajabta neman izini na musamman kafin gina sabon otal, abin da ya rage sababbin gine-gine ƙwarai. Wanda abin ya fi ƙona wa aljihu shi ne magidanci mai iyali biyar ko shida, wanda a da sashe ɗaya mai madafa ya ishe shi, yanzu kuwa sai ɗaki biyu ko uku da cin abinci a waje.

Akwai kuma rukunin da ko masu goyon bayan dokar suna jin nauyin batunsu, wato masu ƙananan gidaje na iyali ɗaya ko biyu a Brooklyn da Queens da Bronx. Da yawansu baƙar fata ne ko 'yan ci-rani da suka sayi gida da bashin banki, suna zaune a hawa ɗaya, suna saukar da baƙi a ɗaya hawan domin biyan bashin da harajin gida. Waɗannan ba su ne masu sassa ɗari biyu ba, kuma unguwanninsu ba su da otal-otal, don haka baƙin da suke saukarwa su ne ke ciniki a kantuna da gidajen abinci na kusa. Sharaɗin hana kulle ƙofa da na baƙi biyu ya fitar da akasarinsu. Sun kafa ƙungiya suna neman sassauci, a ƙarshen 2024 kuma 'yar majalisar birni Farah Louis ta gabatar da ƙudurin da zai ba su dama. Ƙungiyoyin 'yan haya da ma'aikatan otal suka yi masa ca, suna cewa da zarar an buɗe wannan kafa masu jari za su bi ƙananan gidajen suna saye, kuma kowane hawa da aka ba baƙo gida ne da wani iyali ya rasa. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, shi ya sa rikicin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Sauran manyan birane sun bi hanyoyi dabam. Landan ta ƙayyade kwana 90 a shekara tun 2015, Amsterdam ta sauko zuwa kwana 30 a 2019, Faris kuma ta rage nata daga 120 zuwa 90 a farkon 2025. Mafi tsanani ita ce Basalona ta ƙasar Sifen, inda a watan Yunin 2024 Magajin Gari Jaume Collboni ya sanar cewa lasisin sassa 10,101 na 'yan yawon buɗe ido ba za a sabunta shi ba bayan Nuwamban 2028, yana mai kafa hujja da cewa haya ta tashi da kashi 68 cikin ɗari a shekara goma. Kotun tsarin mulkin ƙasar ta tabbatar da dokar da ya dogara da ita a watan Maris na 2025. Wanda ya sayi sashe a Basalona da tsada saboda lasisin da ke kansa, yanzu yana riƙe da kadarar da aka yanke wa ribarta wa'adi. Tarayyar Turai ma ta zartar da ƙa'ida a 2024, wadda aka tsayar da watan Mayun 2026 domin fara aiki da ita, da ke tilasta wa kamfanonin dillanci miƙa wa hukumomi bayanan gidajen da kwanakin da aka kwana a cikinsu.

A Nijeriya sana'ar, wadda ake kira shotlet, ta yi ƙarfi a Lekki da Victoria Island da Ikoyi da Ikeja a Legas, da kuma Maitama da Wuse da Jabi a Abuja, kasuwarta kan kai ƙololuwa a watan Disamba lokacin da mazauna ƙasashen waje ke dawowa hutu. Lissafin da ya ja masu gidajen Niyok shi ne ke jan na nan, har da ƙari, domin kuɗin dare ana iya ɗaga shi kowane mako ya bi faɗuwar darajar Naira, kuɗin shekara kuwa in an karɓa an karɓa ke nan. Koke-koken maƙwabta ma iri ɗaya ne, na hayaniya da tsaro da nauyi kan janareta da ruwan da ake tarayya, shi ya sa ƙungiyoyin mazauna rukunin gidaje suka riga gwamnati fara kafa nasu sharuɗɗa.

Ta fuskar iko, hukuncin Kotun Ƙoli na shekarar 2013 a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas ya tabbatar cewa jihohi ne ke da hurumin yi wa otal-otal da makamantansu rajista da lasisi, Legas kuma tana da dokar 2009 mai ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari kan kuɗin masauki. Dokar haya ta jihar ta 2011 an tsara ta ne domin mai gida da ɗan haya na wata ko shekara, ta kuma ware Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island daga hurumin ta. Babban bambancin dai yana wajen biyan kuɗi. Dokar Niyok ta ci ne saboda kusan duk cinikin yana ratsawa ta hannun kamfanoni ƙalilan da ke da ofis da lauyoyi da asusun da za a iya ci tara. A Legas da Abuja, kaso mai yawa na cinikin ana ƙulla shi ne a Instagram da WhatsApp ta hannun dillalai, baƙo ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun banki, mai gadi ya miƙa masa makulli a bakin ƙofa.